Baƙin Daɓen Gidan Malam Mato

Hajiya Jumai tana zaune a tsakar gida tana tsintar shinkafa a faifai lokacin da autanta Shamsuddeen ya yi sallama ya durƙusa a gefen tabarma. Ta amsa ba tare da ta ɗago ba. Wata huɗu ke nan da dawowarsa Rano, bayan shekara bakwai yana gantali tsakanin Jos da Nasarawa a wajen masu sayen ma'adinai. Tun da ya dawo ba a taɓa ganin ya yi zaman minti goma wuri guda ba, sai fa in zancen budurwarsa Hidaya ake yi.

"Umma, Baffa ya ce 'yan bincike sun dawo daga Fammar."

"Sun dawo."

"To me suka ce?"

"Abin da na sani tun kana zanen goyo." Ta watsa wa kaji tsakuwar da ta tara a tafin hannu. "Yarinya ba ta da aibu. Ga kunya, ga karatu, har koyarwa take yi a firamare a Kibiya. Amma gidan Malam Mato matansu ba sa tsufa, Auta. Kakarta ta tafi da sankarar mama. Yayar uwarta Asma'u ta bi. Uwarta Suwaiba ko arba'in ba ta cika ba. Uku ke nan, ciwo ɗaya, wuri ɗaya."

"Haba Umma! Ai Suwaiba aminiyarki ce, ke ma fa 'yar Fammar ce!"

"Shi ya sa na fi kowa sani." Muryarta ta ɗan yi rawa, ta yi maza ta gyara. "Ba zan aura maka makoki ba. Ba zan zauna ina rainon marayu ina kallonka kana zubar da hawaye ba. Ga 'yan mata nan cike da Rano, ka zaɓi wadda ka ga dama."

"Wallahi Umma in ba Hidaya ba—"

"Kul! Kada ka rantse mini a tsakar gida. Tashi ka ba ni wuri."

Ya tashi ya fita. Bai san inda za shi ba, sai dai ya tsinci kansa a kan babur ya miƙi hanyar Kibiya.

Damina ce, hadari ya haɗo tun daga gabas. Yana isa Fammar ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Zauren gidan Malam Mato yana yoyo, don haka Inna Laraba, matar kawun Hidaya wadda ta riƙe ta tun rasuwar uwarta, ta leƙo da murfin kwano a ka.

"Kai ɗan nan, so kake ka jiƙe a ce mun kashe wa Jumai auta? Shigo ɗakin Kaka, ai kai ɗan gida ne."

Bai taɓa shiga cikin gidan ba sai ranar. Ɗaki ne na ƙasa, tsoho, mai sanyi. Hidaya ta shimfiɗa masa darduma ta koma bakin ƙofa ta zauna, ta ja mayafi. Kallo ɗaya ta yi masa ta gane.

"An ce a'a ko, Yaya Shamsu?"

Ya buɗe baki zai yi mata 'yar ƙaryar kwantar da hankali, sai idonsa ya sauka a ƙasan ɗakin. Daɓe ne baƙi wuluk, sumul kamar bayan tukunya, da wasu 'yan ƙyalƙyali a jikinsa kamar an barbaɗa gilashi. Ya kankari gefen da ya ɗan fashe, ya murza a yatsa, ya auna nauyinsa a tafin hannu. Shekara bakwai yana loda irin wannan yashi a buhu.

"Inna, wannan daɓen da me aka yi shi?"

Inna Laraba ta washe baki, don tambayar da take so ke nan. "Ai wannan shi ne abin alfaharin gidan nan! Marigayi Malam Mato da ya yi haƙar kuza a Jos, shi ya taho da baƙin yashin da ake zubarwa bayan an tace kuza, buhu-buhu. Aka kwaɓa da makubar ɗorawa aka daɓe. Shekara hamsin, gara ba ta taɓa huda shi ba, ko kiyashi ba ya zama. Duk 'yar da aka haifa a gidan nan a ɗakin nan take tashi, in ta yi aure ta zo goyon ciki nan za ta yi jegonta, kwana arba'in cur. Ita ma wannan a nan aka yanke mata cibiya, har yau a nan take kwana."

Washegari Shamsuddeen ya kama hanyar Jos, ya roƙi tsohon ubangidansa aron wata 'yar mita da suke gwada yashi da ita kafin su saya. Girmanta bai wuce rediyon hannu ba. In ta ji wani tururi da ido ba ya gani, wanda 'yan boko ke kira radiyeshin, sai ta kama ƙara.

Da ya dawo, a tsakar gidan Malam Mato ya kunna ta, tana ɗan yin ƙas… ƙas… jefi-jefi. Yana ɗora ta a kan baƙin daɓe ta ɓarke kamar ana soya gyaɗa. Inna Laraba ta yi baya tana salati.

"Alhamdulillahi!" Shamsuddeen ya daka tsalle. "Kin ji ko, Hidaya? Ba jininku ba ne! Daɓe ne! Wallahi daɓe ne!"

Hidaya ta dube shi, idonta ya ciko. "Murna kake yi, Yaya Shamsu? Shekara ashirin da uku ina kwana a kan abin nan. A nan Innata ta cika."

Kunya ta rufe shi har ya rasa inda zai sa fuskarsa. Ya ba ta haƙuri, ya roƙi Kawu Manu, maigidan, a kwashe kayanta a rufe ɗakin. Amma a ransa murnar ba ta mutu ba, don ya samu hujjar da zai kai wa Umma. Ko tsayawa cin abinci bai yi ba.

Ya iske Hajiya Jumai a ɗakinta tana ninke kaya bayan la'asar. Ya zayyana mata komai, numfashinsa har yana sarƙewa.

"Bari ki gani da idonki, Umma. Nan ɗakinki lafiyayye ne, za ki ji ta yi shiru. Gobe in kai ki Fammar ki ji bambanci."

Ya kunna mita ya ajiye a kan ledar tsakar ɗaki. Ta ɓarke da ƙara, irin ta ɗazu sak.

Ya ɗauka, ya girgiza, ya cire batir ya mayar. Ya sake ajiyewa. Ƙarar ba ta fasa ba. Hajiya Jumai ta sunkuya ta yaye gefen ledar. Ga baƙin daɓe nan yana ƙyalli.

"Da za a kawo ni gidan nan, Suwaiba ce ta roƙar mini mudu shida a wajen babanta," in ji ta a hankali. "Ita da ƙawayenmu suka zo suka daɓe mini, suna waƙa. Shi ya sa na hana babanku ya yi wa ɗakin nan siminti." Ta saki ledar ta miƙe. "Shekara talatin da takwas ina kwana a kansa. Na haifi bakwai a kansa. Ga ni, ko ciwon kai sai na ga dama. To faɗa mini, ɗan boko, in daɓe ne me ya sa ya bar ni ya ɗauke su? Ashe ka kawo mini shaida ne da hannunka. Jini ne, Auta!"

Shamsuddeen ya sulale ya zauna daɓas. Sandar da ya yanko da ita aka doke shi.

Kwana uku bai je Fammar ba. A na huɗu Hidaya ta kira shi a waya.

"Ka gama ɓuyan?"

"Ba ɓuya nake ba, kaina ne ya kulle."

"To ni nawa a buɗe yake. Na gaji da a yi ta canki-canki a kaina, wannan ya ce jini, wancan ya ce ƙasa. Jibi Kawu zai kai ni babban asibiti a Kano. In kana so ka zo."

Likitar da suka gani mace ce mai fara'a, ta saurare su har suka gama, ta duba lambobin da Shamsuddeen ya rubuta daga mitar. Ta ce ba za ta iya rantsewa cewa daɓen ne ya jawo wa matan gidan ciwo ba, amma dai ba abin kwana a kai ba ne, a sa ma'aikatan lafiya su duba yadda za a kwashe shi.

"To Dakta, me ya sa Ummata ba ta kamu ba?" Shamsuddeen ya tambaya.

"Kai manomi ne?"

"Ɗan manomi dai."

"Ruwa ɗaya ke dukan katanga biyu, ɗaya ta zube ɗaya ta tsaya. Jikin mutum kullum yana gyaran kansa, kamar mai yaɓe bayan ruwa. Akwai gidajen da suke gadon rauni a wajen wannan gyaran. Su abin da wani zai shanye lafiya yana iya yi musu illa, wani lokaci ma ko babu komai ciwon yana zuwa. Akwai tes da ake yi na ƙwayar gado. Za a ɗebi jini a tura, sati shida rizol ya fito. Amma ki yi tunani, Hidaya, don abin da aka sani ba ya komawa rashin sani."

"Na yi tunanin tun ina 'yar shekara tara, da Innata ta rasu," in ji Hidaya. Ta miƙa hannu.

Sati shidan nan Shamsuddeen ya rame kamar shi ne mara lafiyar. Ya yi noman gonar Baffa ta Rurum har sau biyu don kawai kada ya zauna. Ita kuwa Hidaya kullum tana aji tana koya wa yara karatu da rubutu, ta dawo ta taya Inna Laraba surfe, ba wanda ya ga hawayenta sai dardumar sallarta.

Ranar da rizol ya fito, likita ta rufe ƙofa ta jawo kujera kusa da ita. Hidaya tana ɗauke da raunin. Likita ta ce wannan ba takardar mutuwa ba ce, ba duk mai ɗauke da shi ke kamuwa ba, kuma wadda ake dubawa duk wata shida, in ma abin ya zo, ana tarar sa tun yana ƙarami.

"Yawancin matan da muke rasawa, a makare suke zuwa," in ji ta.

Suka fito suka zauna a kan benci ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya, Kawu Manu ya tafi alwala. Shamsuddeen ya daɗe yana juya takardar, sannan ya rage murya.

"Hidaya, Umma ba ta karanta Turanci. Mu ce mata tes ya yi kyau. Daga ni sai ke sai Kawu. In an ɗaura aure shi ke nan, duk wata shida in ce za mu Kano gaida 'yan'uwa."

Ta zare takardar daga hannunsa a hankali. "Kana sona, Yaya Shamsu?"

"Wace irin tambaya ce wannan!"

"To kada ka sake faɗin haka. Ba zan shiga gidanku da ƙarya a ƙunshe a bakin zane ba. In Hajiya za ta ƙi ni, ta ƙi ni tana sane da ko ni wace ce."

"Za ta raba mu fa!"

"In Allah Ya rubuta, ba mai gogewa. In bai rubuta ba, ƙarya ba za ta rubuta mana ba."

Abin da ya faru ranar Asabar ya daɗe ana zancensa a unguwar. Budurwa ba ta taka gidan surukai kafin aure, ko a hanya ta hango uwar saurayi sai ta sauya lungu. Amma da hantsi sai ga Hidaya ta yi sallama a gidan Hajiya Jumai, Inna Laraba na biye da ita tana ta "ni dai ba ruwana, ita ta matsa." Shamsuddeen yana ƙofar ɗakinsa, ya daskare da buta a hannu.

Hidaya ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, ta ajiye takardar a gefen tabarma.

"Hajiya, ki gafarce ni, na san na yi rashin kunya. Na zo ne in faɗa miki da bakina. Gaskiyarki ne, akwai abin a jinina. Likita ta ce ba lallai ya tashi ba, in kuma ana dubawa ana iya tarar sa da wuri. An ba ni shawara in ɓoye miki, na ce a'a."

Hajiya Jumai ta harari ɗanta, ya sunkuyar da kai. Ta juyo. "Me ya hana ki ɓoyewa? Da kin samu abin da kike so."

"Ɓoyo ne ya kashe Innata, Hajiya." Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. "Shekara biyu tana jin ƙullutu a ƙirjinta, tana ɗaure shi da zane. Ni nake dafa mata ruwan zafi, ta ce kada in gaya wa kowa. Da ta kusa cikawa ta ce mini wata mai ƙaunarta ce ta ba ta shawara, wai in aka ji ta je asibiti da irin ciwon uwarta da yayarta, magana za ta bazu, ni kuma in na girma ba mai aurena. Saboda ni ta yi shiru. Ga shi ta mutu, maganar kuma ba ta fasa bazuwa ba."

Faifan da ke cinyar Hajiya Jumai ya zame, shinkafa ta watse, kaji suka yi caa a kai, ba ta ko kore su ba.

"Ni ce."

"Na'am, Hajiya?"

"Ni ce na ba ta shawarar!" Ta fashe da kuka mai cin rai. "A ɗakin can ta same ni, ta kama hannuna ta ɗora a wurin. Na ce Suwaiba rufa wa kanki asiri, ki rufa wa 'yarki, ki sha saiwa ki yi addu'a. Wallahi gata na ɗauka na yi mata! Da ciwo ya ci ƙarfinta kasa zuwa duba ta na yi, don ba zan iya haɗa ido da ita ba. Shekara goma sha huɗu ina ɗauke da abin nan. Duk sanda Auta ya ambaci sunanki, fuskarta nake gani. Na ce kada a ƙi 'yarta, ga shi ni ce farkon mai ƙin ta! Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Inna Laraba ta toshe baki da mayafi. Shamsuddeen ya ajiye butar. Bai taɓa ganin uwarsa tana kuka haka ba, ko ranar rasuwar babansu.

Shamsuddeen yana ganin yadda Hidaya ta dunƙule gefen mayafinta har jijiyoyin hannunta suka fito, ya tabbata tashi za ta yi ta fice, kuma ba mai ganin laifinta. Can sai ta ja gwiwa ta matsa, ta kama hannun dattijuwar.

"Innata ba ta taɓa faɗin sunanki ba, Hajiya. Mai ƙaunata kawai ta ce. In ita ba ta riƙe ki ba, ni wace ce? Allah Ya yafe mana baki ɗaya."

Hajiya Jumai ta rungume ta, suka yi ta kuka. Da ta samu numfashi ta ɗago jajayen idanu ta nemo ɗanta.

"Kai kuma maƙaryacin banza, da ni za ka yi wa wayo don ban yi boko ba? Je ka gaya wa Baffanka a sa rana. Ke kuma, wannan katin asibitin a wajena zai zauna. Duk wata shida ni zan kai ki da ƙafata, ba wannan mai ƙafar yawon ba."

"Umma, ai na daina yawo."

"Rufe mini baki, ka daina ɗin ne ka je Jos kwana ɗaya ka dawo?"

Har Inna Laraba sai da ta yi dariya cikin hawaye.

Bayan kaka ma'aikatan lafiya suka zo da takunkumi da safar hannu, aka farfashe daɓen gidajen biyu aka kwashe. Kawu Manu ya tsaya yana kallon aikin ubansa ana lodawa a mota, ya ce, "Allah Ya jiƙan Malam, ƙawa ya nufa, bai sani ba." Wasu gidaje huɗu a Fammar da Unguwar Gai da suka taɓa roƙon mudu-mudu su ma suka fito suka faɗa. Ɗakin amarya kuwa Hajiya Jumai ta rantse sai an yi masa daɓen gargajiya kafin a shimfiɗa leda. Jar ƙasa zalla da makuba, ita ce a gaba da madaɓi, tana rera waƙar da aka yi mata shekara talatin da takwas da suka wuce, muryarta na karyewa a tsakiya.

A shekara ta huɗu da auren, a ɗaya daga cikin zuwan nan na wata shida, hoto ya nuna wani ɗan abu da bai kai ƙwayar wake ba. Aka yi aiki aka cire, aka bi da magani. Wata tara Hidaya tana fama, gashinta ya zube, Hajiya Jumai ce ke kwana da ita, ita ke goya 'yarsu Suwaiba da ake kira Ummi. Shamsuddeen, mutumin da ba ya iya zaman minti goma, ya koyi zaman yini guda a bencin asibiti. Ranar da likita ta ce ba a ga sauran komai ba, a ci gaba da zuwa dubawa kawai, Hajiya Jumai ta yi sujada a tsakiyar ofis, ba ta damu da masu kallo ba.

Yau in ka bi ta gidan da yamma za ka same su su uku a kan tabarma, kaka da uwa da jika, suna faɗa a kan wanda ya cinye ƙuli-ƙulin wani.

'Yan'uwa matasa, abin da aka gada a jini ba laifin mai shi ba ne, kuma ba shi ke yanka wa mutum kwana ba. Suwaiba ta rufe ciwonta don a so 'yarta, ta rasa ranta. Hidaya ta buɗe nata ko da za a ƙi ta, ta yi haƙuri da abin da zai biyo baya, Allah Ya ba ta miji da uwa da tsawon rai. In kuna binciken gidan da za ku nemi aure, ku bincika don ku san yadda za ku riƙe 'yar mutane. Wanda kuma ya ji baƙon abu a jikinsa, ya faɗa tun yana ƙarami.